Fiyanon Shamsu da Muryar Kawu Sodangi

Akwai wani matashi a Bodinga mai suna Shamsuddeen, amma a kasuwa Shamsu Fiyano aka fi saninsa. Yana da ɗan shago inda yake cajin waya, yana tura wa mutane waƙoƙi da finafinai. A ƙuryar shagon akwai fiyano ɗan gwanjo da ya sayo a Sakkwato, irin mai muryoyi da yawa, wanda ake sa shi ya yi ganga ko kalangu ko sarewa.

Shamsu yana da kunne, wannan babu musu. In ya ji waƙa sau biyu, farkonta ya zauna masa a yatsu. Kuma ba rago ba ne, domin yakan wuni a kan fiyanon nan har abinci ya huce.

Sai dai yana da wani hali. In ya ɗauko kiɗa, da gudu yake ɗaukowa. Zai yi ta tafiya gwanin daɗi har ya iso wurin da ke da wuya, yatsunsa su harɗe, ya yi tsaki, ya koma farko. Ya sake tahowa, ya sake faɗuwa a wuri ɗaya, ya sake komawa farko.

Masu wucewa farkon kawai suke ji. Sai su leƙo su ce, "Kai Shamsu, hannunka zuma!" Shi kuma ya yi murmushi, ya ƙara sauti.

Shamsu yana da kawu a Kajiji, yayan mahaifiyarsa, ana ce masa Sodangi. Mawaƙin noma ne tun yana saurayi. A zamaninsa, in ya buɗe baki a bakin gona, rago ma sai ya nemi garma. Amma makaɗinsa Ɗanbaba, wanda suka tsufa tare, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Tun daga nan gangar ta koma rataye, Kawu kuma ya yi shiru.

Wata ranar kasuwa Kawu ya biyo ta shagon Shamsu, ya zauna a benci yana fifita da hularsa. Ya ce Alhaji Hamza, wani babban manomi a Shagari, zai aurar da ɗansa, kuma ya aiko yana son a yi masa waƙar da Kawu ya yi wa mahaifinsa marigayi.

"Na ce masu su yi haƙuri," in ji Kawu. "Waƙa ba makaɗi, ai tuwo na ba miya."

Shamsu ya yi dariya. "Haba Kawu, ga ni zaune? Mi za a yi da ganga tunda ga wanga?"

Kawu ya dubi fiyanon a kaikaice. "Wanga akwati? Ɗana, waƙata ba ta tahiya miƙe awa titin Sakkwato. In na hangi mutum cikin taro, sai in tsaya in gaishe shi, shi da kakanninai. In na ƙare, in hwaɗa inda nig ga dama. Ɗanbaba numfashina shika kallo."

Shamsu ya jawo fiyanon gabansa. Yana da tsohon ɗaukar waƙar a wayarsa, ya kuma sha jin ta. Ya kunna fiyanon, ya sa hannun hagu ya zama ganga, na dama ya zama sarewa, ya ɗauko farkon waƙar.

Kawu ya daina fifita. Leɓensa suka fara motsi. Kafin a je ko'ina Shamsu ya ɗaga hannuwansa, ya ce, "Ya kag gani?"

A daidai nan ya tsaya da gangan. Gaba kaɗan akwai wurin da Kawu ke kira juyi, inda gangar ke barin taku mai nauyi ta koma sassarfa, sarewa kuma ba ta canza ba. Shamsu bai taɓa ƙetare wurin ba tare da tuntuɓe ba.

Kawu ya goge ido da bakin rigarsa. "To. Amma ka taho Kajiji mu gwada, ko sau guda."

"Kawu, shago ba ya barin mutum. Kai dai ka sha zuma, ka gyara murya. Sauran ka bar mani."

Matar Shamsu, Basira, malamar Islamiyya ce, mace mai kawaici. Da ya dawo da fiyanon gida yana ta bita, ta yi kwanaki tana ji daga madafa. Wata rana da ta kawo masa abinci ta ce, "Baban Nafisa, in yi magana?"

"Ina jin ki."

"Farkon waƙar ga har Nafisa ta iya shi. Amma ban taɓa jin ƙarshenta ba. Kullum wuri guda kaka tsayawa."

Shamsu ya ɓata fuska. "Ke da ba ki san kiɗa ba? In an shiga taro jiki ka ɗaukar zahi, hannu shi tahi da kainai. Ki bari kawai."

Basira ta ce, "Allah shi ba da sa'a," ta ɗauki tirenta.

Ranar biki, bayan la'asar, aka kafa rumfuna a ƙofar gidan Alhaji Hamza. Manoma suka zo daga Kajiji, daga Danchadi, wasu ma ba don ɗaurin aure ba, don dai sun ji Sodangi zai yi waƙa. Kawu ya fito da babbar rigarsa shuɗiya, wadda ta daɗe a ƙasan akwati. Sanƙira, mai shelar bikin, ya karɓi lasifika ya yi masa kirari har mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida.

Shamsu ya ɗauko kiɗa. Kawu ya shiga.

"Gwarzon daji na Balaraba,
Rana ta iske ka tsaye,
Ta hwaɗi ta bar ka tsaye."

Muryar nan ta fito tas, kamar ba ta taɓa hutawa ba. Alhaji Hamza ya sunkuyar da kai da ya ji sunan kakarsa. Shamsu kuwa sai kallon samari yake, yana gyaɗa kai.

Can wani tsoho daga Danchadi ya taso tsakar fili, ya ɗaga sandarsa sama kamar mai riƙe da garma. Kawu ya gane shi. Ya ɗaga hannu, Shamsu ya tsaya. Kawu ya yi wa tsohon kirari, ya ambaci ubansa da gonarsu ta fadama. Taro ya ɗauki sowa.

Sannan Kawu ya ja numfashi ya faɗa waƙa. A kan juyi ya faɗa.

Shamsu ya kai hannu, hannun bai san inda zai sauka ba. Bai taɓa shiga waƙar ta tsakiya ba. Ƙofa ɗaya ya sani. Yatsunsa suka yi abin da ya koya musu wata da watanni, suka koma farko.

Kawu yana sassarfa, ganga tana taku. Kawu ya ji ƙasa ta zame masa. Ya rage gudu don ya tarar da kiɗan, ya koma baitin farko, ya sake tahowa. Da suka iso juyi, yatsun Shamsu suka harɗe, suka sake komawa farko. Muryar Kawu ta rataye ita kaɗai a sama, ta yi rawa, ta karye. Ya buɗe baki zai kamo, baitin ya ɓace masa.

Wani yaro ya fashe da dariya. Wasu suka taya shi. Wayoyi duk suna sama.

Sanƙira ya yi maza ya karɓe lasifikar. "Jama'a, a tafa wa Baba Sodangi! Tsufa riga ta, kowa ya daɗe sai ya sa ta. Mai faifai, sakar muna kiɗa!"

Kawu ya tsaya a tsakar fili da babbar rigarsa, kiɗan zamani yana tashi a kansa. Sai da wani ya kamo hannunsa ya zaunar da shi.

Shamsu yana naɗe wayoyin lantarki, samari suka kewaye shi. Wani ya ce, "Shamsu, mi ya hwaru? Ai kai kiɗanka lahiya lau shika tahiya."

Nan ne Allah ya ba shi dama, nan ne kuma ya watsar da ita. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kun san tsufa. Ina bin shi, shina ɓacewa."

Kafin magariba ya raka Kawu bakin hanya inda zai hau mashin zuwa Kajiji. Da tsohon ya tattare rigarsa zai hau, sai ya juyo ya kama hannun Shamsu da hannu biyu.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Na ɓata maka kiɗa gaban mutane. Ashe abin ya tahi ban sani ba."

Shamsu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Gaskiyar maganar tana bakinsa. Amma mai mashin ya tayar, shi kuma ya ce, "Ba komi, Kawu. Allah shi kiyaye hanya."

Abin bai tsaya nan ba. Sana'ar Shamsu tura bidiyo ce, don haka wurinsa aka riƙa zuwa. "Tura mani na tsohon ga da ya ɓata a Shagari." Ya ce ba shi da shi. Sai su samo a wani wuri, su zo shagonsa caji, su kunna suna dariya.

Mai ɗaukar bidiyon fuskar Kawu ya haska. Shamsu gwiwar hannunsa kawai ake gani. Amma shi da yake da kunne, duk lokacin da aka kunna yana jin gaskiya ƙarara. Muryar daidai ta shiga. Kiɗan ne ya gudu ya bar ta.

Ya lulluɓe fiyanon da tsohon zane ya tura ƙarƙashin gado. Abinci ya daina yi masa daɗi. Labari ya zo daga Kajiji cewa an je neman Kawu ya yi waƙa a wata gayya, ya ce shi ya gama, kada a sake zuwa.

Wata safiya Shamsu bai fita da wuri ba. Yana kwance yana jin Basira a tsakar gida da 'yan matan da take shiryawa musabaƙa. Wata yarinya tana karatu ta yi tuntuɓe, ta ce bari ta koma farkon sura.

"A'a," in ji Basira. "Farkon bai yi maki laihi ba. Nan inda kit tsaya, kalma ukun nan, su za ki maimaita. Sannu sannu. Ranar musabaƙa ba ki san inda za a ja maki baƙi ba."

Shamsu ya tashi zaune.

Da yaran suka tafi ya fito ya tsaya a bakin madafa, ya rasa ta inda zai fara. Daga ƙarshe ya ce, "Basira, ba Kawu ya ɓata ba. Ni na."

Ta ci gaba da tankaɗe. "Na sani. Na ji bidiyon."

"Ba ki ce komi ba."

"Na hwaɗa tun ba a tahi ba."

Sannan ya ce, "Abin da kic ce ma yarinyar can. Shina yi ga kiɗa?"

"Ni ba ni haɗa karatu da kiɗa, Allah shi tsare ni. Amma hannu da halshe duk abin da ka saba masu shi suka yi. Kai kullum kana koya ma naka hwaɗuwa da komawa baya. Sun kuwa iya."

A ranar ya jawo fiyanon daga ƙarƙashin gado.

Ya hana kansa farkon waƙar, ko sau ɗaya. Ya ɗauki juyi kaɗai. Ya ajiye hannun dama a cinya, ya bar na hagu yana koyon sauya taku, a hankali ƙwarai, har abin ba ya kama da kiɗa. Sai da hagu ya daina tunani sannan ya kawo dama. Da suka haɗu suka harɗe, bai yi tsaki ba. Ya ƙara rage gudu.

Ya daina wuni a kai. Kaɗan bayan sallar asuba, kaɗan bayan la'asar, amma kullum. Ya lura abin da ya gagare shi da yamma, sau da yawa da safe yakan same shi ya yi laushi. Yakan ɗauki kansa a waya ya saurara, abin da bai taɓa yi ba, ya ji kurakuran da daɗin bugawa ke ɓoye masa.

Da juyin ya fara zama, ya roƙi Basira ta taimaka. Tana wanke-wanke sai ta ce, "Tsaya!" Ya tsaya. Ta bar shi har ya saki jiki, sannan ta ce, "Baitin fadama!" ko "Ƙarshe!" Dole ya shiga nan take. Nafisa ta mayar da abin wasa, ita ma tana ihun "Tsaya!" ko uban yana shan ruwa.

Wani abokinsa Nura ya zo gidan, ya ji shi yana danna maɓalli ɗaya ɗaya. Ya riƙe ciki. "Shamsu Fiyano ya koma aji ɗaya! Ko in sawo maka allo?"

Da can da Shamsu ya buga masa farkon wata waƙa ya rufe masa baki. Yanzu sai ya ce, "Sawo. Ina buƙata."

Kaka ta yi, aka shiga yankan gero. Shamsu ya ɗaure fiyano da batir a bayan mashin ya nufi Kajiji. Ya iske Kawu a gindin bishiya a bakin gona yana tufka igiya, mutane kuma suna can suna ɗaurin dami, ba kiɗa ba waƙa. Tsohon ya rame.

Bayan gaisuwa Shamsu ya durƙusa. Ya faɗi komai. Ya faɗi juyin da bai iya ba, da dalilin da ya ƙi zuwa gwaji, da abin da ya gaya wa samari.

Kawu ya daina tufka.

"Ka san har asibiti nit tahi a duba mani kunne? Na sha saiwa, na sha zuma da citta. In na tashi in yi ma jikana ɗan waƙe, sai in ji tsoron bakina. Ina cewa Allah ya karɓi kayanai, ina ba kaina haƙuri. Ashe kai na. Kuma ka tsaya ina ba ka haƙuri, kac ce mani ba komi."

"Kawu, ka gafarce ni."

"Tashi ka ba ni wuri."

Shamsu ya tashi, amma bai tafi ba. Ya je kusa da masu ɗaurin dami, ya ɗora fiyanon a kan buhu, ya haɗa batir. Wani manomi ya ce, "A'a, ga mai akwatin da tsoho ya kunyata!"

Shamsu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ba shi ya kunyata ni ba. Ni niy yashe shi a tsakar hili, don ban iya kiɗan ba. Duk wanda ya ga bidiyon, shi sake saurare."

Wani ya ce, "Subhanallahi." Wani dattijo ya tofar da yawu ya kau da kai. Shamsu ya sunkuya ya fara bugawa. Juyi ya ɗauko, sannu sannu. Ya kai ƙarshensa ya tsaya. Ya sake ɗaukowa.

Kawu yana tufkarsa kamar ba ya ji. Rana ta karkata. Masu dami suka koma aiki, sai dai hannuwansu sun fara bin gangar ba su sani ba.

Kwatsam, daga gindin bishiya, ba tare da ya ɗago ba, Kawu ya jefo baiti. Ba na farko ba, ba na juyi ba, wani can kusa da ƙarshe. Shamsu ya tare shi. Kawu ya yanke a tsakiyar kalma. Shamsu ya ɗauke hannu. Tsohon ya yi shiru har aka zaci ya fasa, sannan ya faɗa juyi da ƙarfi.

Hannun hagun Shamsu ya zame. Amma bai koma baya ba, ya bar bugu ɗaya ya wuce, ya kama na gaba, ya bi muryar.

Kawu ya ajiye igiyar. Ya dafa bishiya ya miƙe. Ya tako zuwa cikin gona, ba babbar riga, ba lasifika, ya fara kiran masu dami ɗaya ɗaya da sunayen iyayensu. Wata tsohuwa da ta kawo fura ta ajiye ƙwaryar ta yi guɗa. Suka kai waƙar har ƙarshenta, ƙarshen da Shamsu bai taɓa bugawa a gaban kowa ba.

Da aka gama Kawu ya tsaya yana haki. Ya shafa maƙogwaronsa, kamar mai taɓa abin da ya ɓata ya dawo. Bai kalli Shamsu ba ya ce, "Kada ka ɗauka na huce."

"Na sani, Kawu."

"Ranar kasuwa ka zo ka ɗauke ni, mu tai ƙohwar gidan Alhaji Hamza. Waƙar ubanai ba ta ƙare ba. Kai ka fara magana, sannan ni in yi waƙa."

Darasi: Yawan zama a kan abu ba shi ne koyo ba. Wanda kullum yake maimaita abin da ya riga ya iya, yaudarar kansa yake yi. Ko fiyano ne, ko karatu, ko ɗinki, je ka wurin da kake faɗuwa, ka rage gudu, ka yi kaɗan kaɗan amma kullum, ka kuma saurari mai gaya maka gaskiya tun kana cikin gida. In kuwa ka faɗi a gaban jama'a, ɗauki kunyarka da kanka, kada ka rataya wa wanda ya amince da kai. Ku tura wa duk wani mai koyo da kuka sani, wataƙila ya gyara tun kafin ranar taronsa.